Duk satar fasaha sunanta ɗaya, amma waɗanda ake yi wa ba ɗaya ba ne

Jama'a, musamman 'yan uwana ɗalibai na Naraguta da Bauchi Road, akwai maganar da ke ta yawo a guruf-guruf ɗinmu: wai sauke fim ko littafi kyauta ba sata ba ce, tunda ba a rage wa mai shi komai ba. Wani ma cewa yake ai talauci ne ya jawo, a bar mu mu sha iska. Ni dai ina ganin abubuwa biyu ake cakuɗawa, kuma da gangan ake cakuɗa su.

Mu fara da wanda ya fi damun masu digiri na biyu. Sufabaiza zai ce ka kawo maƙalu na shekaru biyar ɗin baya-bayan nan. Ka shiga intanet, ka ga maƙalar da kake nema, sai a ce ka biya dala talatin ko arba'in kafin a buɗe maka shafi goma sha biyar. Lissafa da canjin yau, kuɗin ya kusa kamo mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Malamin da ya rubuta maƙalar ko sisi ba ya samu a ciki, waɗanda suka duba ta ma kyauta suka yi. Kamfanin ɗab'i ne ke kwashewa. Wannan ne ya sa Alexandra Elbakyan, 'yar ƙasar Kazakistan, ta buɗe Sci-Hub a 2011, kuma a 2017 wata kotu a Amurka ta yanke cewa a biya Elsevier diyyar dala miliyan 15. A 2022 hukumomin Amurka suka ƙwace adireshin Z-Library. Mu kuma a nan, ba mu manta gobarar da ta cinye laburaren Naraguta a watan Oktoban 2016 ba. Ɗalibin da ya rasa littafi a kanta, ya rasa a kasuwa, ba zan tsaya ina yi masa wa'azi ba. Jami'a da TETFund nake tambaya: ina rajistar mujallun da ya kamata ɗalibi ya shiga da lambarsa ko yana ɗaki a Angwan Rogo? Kuma kafin a bi ta bayan gida, a tura wa marubucin saƙo a roƙe shi. Da yawa suna turowa, har da godiya.

To amma ina ruwan wannan uzuri da marubuciyar littafin Hausa?

Yarinya ce ko matar aure, a Kano ko Gusau ko nan Nasarawa Gwong, take zama da waya tana buga labari da babban yatsa har tsakar dare. Ta ce ga kuɗin shiga guruf, ɗari biyar ko dubu ɗaya. Mutum ɗaya zai biya, ya tattara shafukan, ya mayar da su fayil guda, kafin gari ya waye littafin ya zaga guruf goma. Wani ma ya ɗora a YouTube da muryar na'ura yana karɓar kuɗin talla. Shi ya sa kusan kowane littafi yanzu da "ban yafe ba" yake farawa. Mutane na dariyar wannan, ni kam ba ta ba ni dariya. Ba ta da lauya, ba ta da kamfani, Allah ya isa ce kawai makaminta. Wadda ta sayi shawarma da lemo a Terminus ta dawo tana cewa ba ta da ɗari biyar ɗin littafi, don Allah wa take yaudara?

Haka fim. Mu a Jos bai kamata a ba mu labarin wannan sana'a ba. Hukumar Finafinai ta Najeriya da aka kafa a 1979 a nan hedikwatarta take, makarantar koyon fim ta ƙasa ma a nan take, kuma tun Janairun 2024 Ali Nuhu, wanda a jami'ar nan ya karanta ilimin ƙasa, shi ke shugabantar hukumar. Su Sani Mu'azu a garin nan suka gina sunansu. Cikinmu akwai wanda yayansa mai ɗaukar hoto ne, akwai wanda ƙanwarsa kwalliya take yi a lokeshan. In fim bai dawo da kuɗi ba, jarumi zai samu tallan atamfa ko na siyasa ya rufa wa kansa asiri. Mai riƙe fitila fa?

Ku tuna yadda kasuwar take. Da can furodusa zai kai fim Ƙofar Wambai, 'yan kasuwa su buga kaset, daga baya faifai, a rarraba har Nijar da Gana. Ko a lokacin ana kuka da masu kwafi, amma dai akwai abin da ake riƙewa a hannu a ƙirga. Da waya ta zo, masu tura fim suka karɓe kasuwar: kwamfuta ɗaya a shago, a cika maka memori da kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba. Sai Xender, sai Telegram, har su masu turin ma aka fara tsallake su. Faifai ya mutu murus.

Abin da ya rage shi ne talabijin irin Arewa24, da manhajoji irin Northflix, da kuma YouTube, inda su Izzar So da Labarina suka samu masu kallo. Kuma wannan canji ya taɓa labarin kansa. Ku da kuke ƙorafin cewa shiri ya kai zango goma ba a gama ba, ana jan magana ɗaya sati uku, to ku sani YouTube da yawan kallo da tsawon mintuna yake biya, kuma tallan da ake nuna wa mai kallo a Najeriya kuɗinsa bai kama ƙafar na mai kallo a Amurka ko Saudiyya ba. Dole furodusa ya ja zare. Mu muka ƙi sayen fim na awa biyu, ga shi an ba mu na awa ɗari.

Abin da ya fi ba ni haushi: shirin nan kyauta yake a tashar mai shi. Kyauta fa! Amma sai mutum ya je Telegram ya sauke kwafin wani. Datar dai ka ƙona, kamfanin waya ya ci nasa (an ma amince masa da ƙarin kashi 50 a Janairun 2025), mai tashar Telegram ya ci nasa da tallan caca, wanda ya yi shirin ne kawai ya tashi a tutar babu. Wannan ba talauci ba ne.

Masu cewa hukuma ta kama kowa, ku ma ku dakata. Doka akwai ta. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, ta ba da damar a nemi a sauke abin da aka ɗora a intanet ba da izini ba, har a toshe shafi. A farkon 2024 'yan sanda sun kama wasu kan satar fim ɗin Toyin Abraham, a daidai lokacin da A Tribe Called Judah na Funke Akindele ya zama fim ɗin Najeriya na farko da ya haura naira biliyan ɗaya a sinima. Madalla. Amma waɗannan manya ne masu murya a Legas. Kuma a rufe tasha yau, gobe ta dawo da sabon suna. Idan za a yi kame, a bi kuɗi: masu tashoshin da ke da dubban mabiya suna sayar da talla a kan guminsu wasu, su ne 'yan kasuwar. Kama yaron shago a Farin Gada a ƙwace masa kwamfuta ba zai ƙara wa furodusa ko kwabo ba. Gara ma a yi yarjejeniya da masu turin, a ba su fim da lasisi su sayar a raba, tunda su ne suka san hanyar wayar mutanen da ba su da data.

Jiran Turawa ma ba mafita ba ne. Amazon Prime Video ta janye daga ɗaukar nauyin sababbin finafinai a Afirka tun Janairun 2024, kuma dama can ba don mai jin Hausa aka tsara su ba. Su ma furodusoshinmu da gyara a wuyansu: manhajar da sai ka yi rajista sau uku, katin banki ya ƙi shiga, bidiyo na tsayawa, wa zai jure? A sa farashi ƙarami, a karɓi taransifa, a bar mutum ya sauke da datar dare ya kalla da rana.

Mu kuma da ke rubuta kundi, kowa ya san yadda ransa zai ɓaci in ya ga babi na biyu na aikinsa a shagon kwafi da sunan wani a kai. Don haka ga abin da nake roƙon admin-admin na guruf ɗin ajinmu da na ƙungiyoyin jiha: in an turo littafin Hausa na kuɗi, a goge, a sa lambar da marubuciyar ta bayar don biya. In fim ne, a turo mahaɗin tashar mai shi. Wanda ke da wata hujja da ta wuce "kowa ma yana yi", ga wajen sharhi nan, ina jira.