Kowace Na'ura da Kuɗinta

Kamfanoni da yawa masu sayar da manhajar kula da hanyoyin sadarwar kwamfuta sukan yanka kuɗin lasisi bisa yawan na'urori, su kuma hana mai saye ya ba wani. Ga Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, mai ɗimbin kwamfutoci, irin wannan ciniki nauyi ne babba. Shi kuwa ƙaramin mai shago a Sabon Gari, tsada kan tura shi ga kwafin sata, alhali Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta haramta shi. Mafita ita ce manhaja mai 'yanci, wadda lasisin GNU na 1989 ya halatta a kwafe ta, a gyara, a rarraba. Wajibi ne ɗalibai su ƙware a kanta, domin zanen aro ba ya rufe katara.