Waiwaye: Gargaɗin Uba da Na'urar da Ta Tuɓe Matafiya

A watan Nuwamban 2009, Alhaji Umaru Mutallab, dattijon Funtuwa, ya taka da ƙafarsa zuwa ofishin jakadancin Amurka a Abuja. Ya shaida musu cewa ɗansa Umar Faruk ya yanke hulɗa da gida, yana Yaman, kuma yana fargabar ya faɗa hannun masu tsattsauran ra'ayi. Duk wanda ya haifa ya san irin dauriyar da uba zai yi kafin ya kai ƙarar ɗan cikinsa. Aka jefa sunan yaron cikin wani kundi mai sunaye sama da rabin miliyan, amma ba a soke bizarsa ba, ba a kuma hana shi hawa jirgi ba.

Ranar 25 ga Disamba Umar Faruk ya shiga jirgin Northwest daga Amsterdam zuwa Detroit da abin fashewa ɗinke a kamfansa. Allah ya kiyaye, wuta kawai ta kama, fasinjoji suka danne shi.

Shugaba Obama da kansa ya amsa cewa bayanan suna hannu, jami'ai ne suka kasa haɗa su. Amma hukuncin a kan matafiyi ya sauka. A Janairun 2010 Amurka ta sa Najeriya cikin ƙasashe 14 da za a tsananta wa bincike, aka kuma baza na'urorin da ke leƙa ƙarƙashin tufa. A lokacin, sai ka shiga tsakanin bango biyu, ka ɗaga hannuwa sama, wani jami'i a can wani ɗaki yana kallon surar jikinka tamkar babu sutura. In ka ƙi, a lalube ka da hannu har cinya. Tsohuwa, mai ciki, mace mai hijabi, duk haka. Aka ce babu makawa, ko wannan ko rai.

Mutane ba su yi shiru ba. Tarayyar Turai ta haramta irin na'urorin da ke amfani da hasken eksire a 2011. Majalisar Amurka ta tilasta gyara, zuwa 2013 aka kwashe na kamfanin Rapiscan daga filayen jiragen ƙasar. Na yanzu zanen mutum-mutumi suke nunawa, iri ɗaya ga kowa, da ɗan akwati a gurbin da ake zargi.

Ina goyon bayan bincike, don babu mai son ya hau jirgi da bam. Sai dai shekara uku aka yi ana keta mutuncin bayin Allah a kan abin da ashe yana da mafita, alhali sakacin da ya kusa kashe mutum kusan 290 a ofis aka yi shi, ranar da aka raina maganar uba.