Kada Ka Kori Toma Daga Ɗaki

Ɗan'uwa mai karatu, akwai wani laifi da muke yi a cikin ikkilisiya muna kiransa kishin Allah. Mahara suka shiga ƙauye da dare, suka kashe mijin wata 'yar'uwa, suka ƙone gida da rumbu. Bayan wata uku ta buɗe baki a taron zumuntar mata, ta ce ba ta sani ba ko Allah yana jin addu'arta. Kafin ta rufe baki an tare ta da ayoyi. Wata ta ce Shaiɗan ne ya shiga zuciyarta, wata ta kai maganar gaban dattawa. Tun daga ranar ta koyi yin shiru. Tana zuwa sujada, tana rera waƙa, amma zuciyarta ta tsaya a bakin ƙofa. Mu kuwa muka ce mun tsare bangaskiya.

Ba mu tsare kome ba. Mun koya mata riya ne kawai.

Ka buɗe Yohanna sura 20. Almajirai suka shaida wa Toma cewa sun ga Ubangiji, shi kuwa ya ƙi yarda sai ya ga gurbin ƙusoshi. Bayan kwana takwas, ina Toma yake? Yana cikin ɗaki tare da su. Mako guda cur yana zaune cikin masu murna da shakkarsa, ba wanda ya sa shi horo, ba wanda ya nuna masa kujerar baya. Da sun kore shi ranar fari, da ba ya nan sa'ad da Yesu ya komo ya nuna masa hannuwansa. Gaskiya ne Yesu ya kira shi ya bar rashin bangaskiya, amma sai da ya fara miƙa masa raunukan.

Yohanna Mai Baftisma ma, wanda ya nuna Ɗan Ragon Allah a bakin Urdun, da kurkukun Hirudus ya ishe shi ya aika a tambayi Yesu ko shi ne mai zuwan. Ka duba Matiyu 11: Yesu ya aika masa da labarin makafi masu gani da guragu masu tafiya, sa'an nan ya juya ga taro ya yabe shi. Kai da ni, da wataƙila mun hana shi hawa mumbari.

Na san abin da za ka ce. Za ka kawo Yaƙub sura 1, inda aka kwatanta mai shakka da raƙuman ruwa, ka ce shakka takan yaɗu kamar ƙyanda. Ban musa ayar ba. Amma mai zuciya biyu wanda yake son Allah da duniya dabam yake da mai zuciya ɗaya wadda ta karye. Iyayen 'yan matan da aka sace a Chibok a shekarar 2014, waɗanda har yau wasunsu suna jira, in ɗayansu ya tambayi inda Allah yake, wane ne kai da za ka tsawata masa? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abokan Ayuba sun yi daidai kwana bakwai da suka zauna shiru. Da suka soma kāre Allah da dogon jawabi, su ne Allah ya yi fushi da su a sura 42.

Sau da yawa kuma, bari in faɗa, tsoronmu ne yake sa mu zafi. Tambayarta ta taɓa wadda muka binne a zuciyarmu.

Yahuza aya 22 ta umarce mu mu ji tausayin masu shakka. Ran Lahadi 'yar'uwan nan za ta zo, ta zauna can gefe kusa da taga. Ka gaya wa matarka ta zauna kusa da ita, ta bi ta gida da ƙwaryar hatsi, ta bar ta ta gama maganar da aka katse mata.