Zauren Asusu: Wai salula ce ke hana haihuwa?

 Ranar zubi ta makon jiya, wata ɗiyarmu ta nemi rancen jika goma sha biyar. Muka tambaye ta sana'ar da za ta yi, ta yi shiru. Da aka watse ta ja ni gefe: "Inna, shekara uku ban samu ciki ba. Mai magani a kasuwa ya ce salular da nake sokewa a haɓar zane ce ta ƙone mini mahaifa, sai na sha saiwoyi kwalba uku."

Ku saurara da kyau. Salula tana aiki ne da igiyar iska irin ta rediyo, ƙarfinta kaɗan ne, iyakarta ɗan ɗumi a fata. Babu binciken likitoci da ya tabbatar tana hana mace ciki.

To mi ke hanawa? Sau da yawa a ƙasashenmu toshewar hanyar ƙwai ce, sanadin ciwon sanyi da ba a yi wa magani ba, ko ciwon da ya shiga bayan haihuwa ko ɓari. Akwai tsargiya ta ruwan tabki, akwai rikicewar al'ada. Kuma matsalar kan fito daga maigida, amma mace kaɗai ake ɗora wa laifi. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce a 2023 kusan mutum ɗaya cikin shida na gamuwa da wannan jarabawa, maza da mata.

Ba na zagin maganin gida, da zogale muka girma. Amma saiwa ba ta buɗe hanyar da ta toshe. Jiƙon da ba shi da awo yana iya taɓa ƙoda da hanta, ko ya zubar da ƙaramin cikin da ba a san da shi ba. Matsi kuwa yana ƙara ciwon sanyi.

In kin shekara tare da maigida ba tsarin iyali, ba ciki, ku tafi likita ku biyu. In kin haura shekara 35, wata shida ya isa.

Ɗiyar tamu ba mu ba ta rancen kwalba ba. Daga asusun taimako muka cire mata kuɗin mota, ni kuma na ɗauki nauyin yin magana da uwar mijinta. Allah Ya ba masu nema zuri'a mai albarka. Sai wata mai zuwa.