Filin Mata: In Likita Ya Ce Jaririn Ya Yi Girma

Yau zancenmu a kan mai ciki ne wadda ta je awo aka ce mata abin da ke cikinta ya yi girma, watakila sai an yi mata tiyata. Da yawa daga cikinmu da jin haka sai gaba ya faɗi, wata ma ta daina zuwa awon. To, ku tsaya mu duba maganar a tsanake.

Da farko, girman ciki ba shi ne girman ɗa ba. Wani cikin ruwa ne ya yi yawa, wani kuwa tagwaye ne. Yawancin jarirai ana haihuwarsu da nauyin kilo 2 da rabi zuwa kilo 4. Wanda ya wuce kilo 4 shi likitoci ke kira babba. Abin da ya fi kawo haka shi ne ciwon sukari, har da irin wanda ke zuwa da ciki ya tafi bayan haihuwa, sai ƙibar uwa, da cikin da ya wuce watanninsa. Saboda haka in an ce ɗanki babba ne, fara roƙo a auna miki sukari.

Na biyu, hoton ciki kintace yake yi, ba sikeli ba ne. Yana iya kuskure da kashi 10 cikin 100 ko fiye, watau wanda aka ce kilo 4 da rabi ne ya zo da kilo 4, ko ya doshi 5. Mata da yawa sun haifi 'ya'ya masu kilo 4 da kansu lafiya lau. Ƙungiyar likitocin haihuwa ta Amurka ta ce a duba yin tiyata tun kafin naƙuda in an kintaci kilo 5, ko kilo 4 da rabi ga mai ciwon sukari. Amma likitanki zai haɗa da faɗin ƙugunki, da kwanciyar ɗan, da yadda haihuwarki ta baya ta kasance. Yarinya ƙarama mai cikin fari ba ɗaya take da wadda ta haifi huɗu ba.

Me ake gudu? Kai yana iya fitowa kafaɗa ta maƙale, jijiyar hannun jariri ta taɓu, ko ya rasa numfashi. Ko kuma kan ya kasa wucewa sam, a kwana a yini ana naƙuda, yana danne mafitsara har naman wurin ya mutu. Daga nan yoyon fitsari yake samuwa, abin da ke kai mata asibitin Babbar Ruga a Katsina. Yankan gishiri da jiƙe-jiƙe ba sa buɗe ƙashi.

Ita ma tiyatar ba wasa ba ce. Akwai zubar jini, ciwon kuma yana iya yin ruwa in ba a kula ba. Galibi allura ake yi a baya, rabin jiki ya mutu, uwa tana farke ta ji kukan ɗanta. Za ta yi 'yan kwanaki a asibiti, ta yi kamar mako 6 ba ta ɗaukar kaya mai nauyi. Kada a fara wankan jego da tafasasshen ruwa sai an tambayi malaman asibiti. Ana so ta huta kamar shekara 2 kafin wani cikin, kuma duk haihuwar da za ta yi nan gaba a asibiti ne. Wadansu sukan haihu da kansu bayan tiyata ɗaya.

Ga abin da na fi so ku riƙe: ba a fafe gora ranar tafiya. Tiyatar da aka shirya da rana, likita ya huta, jini yana ajiye, ta fi wadda aka yi da tsakar dare bayan uwa ta galabaita. Sau da yawa abin da ke jawo jinkiri shi ne maigida ba ya gari, ba mai sa hannu a takarda, ko ana ta neman kuɗi da mota. Don haka tun cikin wata na 8 ki je awo tare da maigida ya ji da kunnensa. Ku tambayi likita: kilo nawa ya kintata, me zai faru in an jira naƙuda, nawa ne kuɗin aiki? A san wanda zai ba da jini, da wanda zai sa hannu in maigida ya yi tafiya. A shekarar 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ba da sanarwar tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa hali. Ki bincika ko asibitinku yana cikin shirin. Mai zuwa goyon ciki ƙauye ta duba nisan gidansu da asibitin da ke yin aiki.

Iyayenmu da surukai, don Allah a daina ce wa wadda aka yi wa aiki raguwa. Ƙashin ƙugu halitta ne, jarumtaka ba ta ƙara masa faɗi. Ku kuma 'yan makaranta, ku karanta wa yayyenku da ba su yi boko ba wannan shafi.

Allah ya sauki masu ciki lafiya. Sai mako mai zuwa.