Minti 20 a Wembley, da abin da aka ɓoye a bayansu

Da yammacin ranar 13 ga Yuli, 1985, ƙungiyar mawaƙa ta Queen ta hau dandamali a filin wasa na Wembley da ke Landan, a gaban mutum kusan 72,000. Taron Live Aid ne, wanda aka shirya domin tara kuɗin agaji ga mutanen Habasha da yunwa ta addaba. Minti 20 da ɗoriya suka yi suka sauka, amma har yau masu bin tarihin kiɗan Turawa suna sanya wannan wasa cikin mafiya ƙayatarwa da aka taɓa yi a bainar jama'a.

Shekara 33 bayan haka, a 2018, fim ɗin Bohemian Rhapsody ya sake gina wannan yammaci daki-daki. An kafa kwafin dandamalin a wani tsohon filin jirgin sama da ke wajen Landan. Rami Malek, wanda ya fito a matsayin jagoran ƙungiyar, Freddie Mercury, ya haddace tafiyar marigayin da juyinsa da yadda yake riƙe sandar makirufo. Hatta kofunan lemo da ke kan fiyano ba a manta da su ba. Wanda ya jera bidiyon asali da na fim a YouTube zai jinjina wa masu aikin. Fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 900, Malek kuma ya lashe kyautar Oscar.

Wannan ƙwarewa ita ce abin da ke damuna. Idan mai kallo ya ga an kiyaye gaskiya har a kan kofin lemo, zuciyarsa takan saki jiki, ya ɗauka sauran labarin ma haka yake. A nan ne kuwa ake shigar masa da abin da bai faru ba.

A cikin fim, ƙungiyar ta watse saboda Freddie ya bi kwaɗayin kuɗi ya tafi yin faifansa shi kaɗai, sannan ya dawo da ƙoƙon bara yana neman afuwa, aka taru a gurguje bayan dogon rabuwa domin Live Aid. A zahiri Queen ba ta watse ba. Ta fitar da faifan The Works a 1984, ta zagaya duniya da shi, ba ta kammala rangadin ba sai a watan Mayun 1985 a Japan, wato wata biyu kafin Wembley. Sun burge a ranar ne saboda hannunsu a ɗumi yake kuma sun yi atisaye sosai. Batun faifan kai kuwa, makaɗin gangarsu Roger Taylor ya riga Freddie tun 1981, shi kuma Freddie sai a 1985 nasa ya fito. Haka nan fim ya nuna Freddie yana shaida wa abokansa cewa ya kamu da ƙanjamau kwanaki kaɗan kafin taron, alhali abin da makusantansa suka ruwaito shi ne a 1987 aka tabbatar masa da cutar. Ya rasu a watan Nuwamban 1991.

Masu kare fim ɗin sukan ce ai fim ba littafin tarihi ba ne, dole a matse shekaru 15 cikin awa biyu. Na yarda da wannan, kuma ban damu ba idan an haɗe mutum uku an mayar da su ɗaya, ko an gusar da wata waƙa daga shekararta. Amma a duba inda sauye-sauyen suka karkata. Dukkansu sun mayar da wasan Wembley wurin tuban mutum ɗaya: ɓataccen ɗa ya komo gida, yana rera waƙa da sanin cewa ajali ya matso. Kowane kallon da ya yi wa abokansa a kan dandamali an ɗora masa ma'anar da ba ta nan a 1985. Mayunwatan Habasha, waɗanda dominsu aka taru, sun koma 'yan rakiya a cikin labarin.

Akwai kuma abin da fim bai ko ambata ba. A watan Oktoban 1984, wata tara kacal kafin Live Aid, Queen ta yi wasanni a Sun City, cikin yankin Bophuthatswana na Afirka ta Kudu, a daidai lokacin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi masu fasaha su ƙaurace wa gwamnatin wariyar launin fata. Sun sha suka a kan haka, ƙungiyar mawaƙan Birtaniya ta ci su tara. Da gaskiyar labari ake nema, ga tabo na haƙiƙa da ƙungiyar ta shiga Wembley da shi, wanda ya fi rigimar ƙirƙira nauyi nesa ba kusa ba. Sai dai wannan tabo na su huɗu ne baki ɗaya, ba na mamacin kaɗai ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ba a yin fim ɗin mawaƙi ba tare da waƙoƙinsa ba, waƙoƙin kuma suna da masu haƙƙinsu. Brian May da Roger Taylor suna cikin masu faɗa a ji a aikin, manajan ƙungiyar, Jim Beach, yana cikin furodusoshi. Mu da muka tashi muna jin makaɗan fada mun san wannan tsari: maroƙi ba ya ambaton yaƙin da ubangidansa ya gudu. Bambancin shi ne mai sauraron maroƙi ya san yabo yake ji, mai kallon fim kuwa an ce masa labarin gaskiya ne.

Fim ɗin Bob Marley: One Love na 2024 ma iyalin mawaƙin ne suka tsaya a kansa, kuma an ji hannunsu a inda aka sassauta. Amma a ƙarshensa ya yi wani abu da na fi girmamawa. Da aka zo taron zaman lafiya na ranar 22 ga Afrilu, 1978 a Kingston, inda Marley ya haɗa hannun Firaminista Michael Manley da na abokin hamayyarsa Edward Seaga, sai aka janye ɗan wasa aka sanya hoton asali. Mai kallo ya ga fuskokin 'yan siyasar biyu yadda suke, babu mai sakin jiki a cikinsu. Shekara biyu bayan wannan musafaha, ɗaruruwan mutane suka mutu a rikicin zaɓen Jamaika na 1980.