Ruwa ya janye, saura rijiya



Akwai wata baiwar Allah da ba na mantawa da ita. A wata damina ta zo asibitin da nake aiki daga wani ƙauye na ƙaramar hukumar Kebbe, goye da yaro ɗan wata goma. Kwana uku kafin nan ruwa ya shiga unguwarsu cikin dare, ya kayar da katanga da ɗaki ɗaya, amma kowa ya fita lafiya, har ana ta zuwa yi musu barka. Abin da ba a lura da shi ba shi ne masai ya cika ya tumbatsa, ƙazantar ta gangara cikin rijiyar gidan. Da suka iso, idon yaron ya faɗa, maɗigarsa ta loɓa, ko kuka ba ya iya yi saboda zawo. Allah ya taimaka, da aka yi masa ƙarin ruwa ya farfaɗo. Uwar ta dube ni ta ce, "Malama, ni na ɗauka tunda ruwa ya janye shi ke nan mun tsira."

Da yawanmu haka muke ɗauka. Mu nan Tambuwal da Kebbe yawancin gidajenmu na ƙasa ne, rijiya da masai kuma sau da yawa a tsakar gida ɗaya suke. Ruwa ya fi ƙarfi a watan Yuli da Agusta, kuma dattawanmu da kansu suna cewa damina ta canza: a yi kwanaki babu ko ɗigo, sannan a zubo shi a dare ɗaya. Mun ga ambaliyar 2010 da ta raba dubban mutane da gidajensu a jihar Sakkwato, mun ga ta 2020 da ta cinye shinkafar maƙwabtanmu na jihar Kebbi. A 2021 kuma kwalara ta kama mutum fiye da dubu ɗari a Najeriya, jiharmu na cikin waɗanda ta taɓa. Rushewar ɗaki kowa yana gani, amma amai da gudawa da zazzaɓin cizon sauro a bayan ruwa suke zuwa, kuma ƙananan yara suka fi kamawa.

Tun ran gini ran zane. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara, NIHSA kuma tana faɗin wuraren da ake fargabar ambaliya, ana kuma maimaitawa a rediyo da Hausa. Ki riƙa saurare. Ki lallaɓa maigida tun kafin ruwa ya zauna a ɗaga bakin rijiya a yi mata murfi, a yashe magudanar ƙofar gida, a duba gindin katanga. Hatsi kuma a ɗora shi a kan abin da ya ɗara ƙasa.

Ke kuma ki tanadi jaka guda, ki rataye ta inda hannunki zai kai ko cikin duhu. Ki sa katin rigakafin yara da katin awo a cikin leda ki ɗaure. Ki haɗa da fakitin ORS, ƙwayar zinc, sabulu, tocila, gidan sauro, da maganin duk wanda ke shan magani kullum a gidan. In kina da tsohon ciki kuma hanyarku tana yankewa da damina, ku yi shawara ki koma wurin 'yan'uwa kusa da asibiti kafin watan haihuwa.

In ruwa ya riga ya shigo, kada a sha ruwan rijiya sai an tafasa shi ko an sa masa sinadarin kulorin, ko da kuwa ya yi garau a ido. Yaro ya fara zawo, ki ci gaba da ba shi nono, ki fara ORS nan take. In babu fakiti, ki samu lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ki sa sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali, a shafe ba a tula ba. Zinc kuma kwana 10 zuwa 14 ake ba shi, ko da zawon ya tsaya. Amma in ya kasa sha, ko yana amayar da komai, ko kashin ya zama kamar ruwan shinkafa, ko akwai jini a ciki, ku nufi asibiti ko da tsakar dare ne.

In masu rabon maganin rigakafin zazzaɓi na damina suka zo ƙofar gidanki, ki karɓa wa yaranki 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, ki kuma cika musu kwana ukun kowane wata.

Yau kafin ki kwanta, ki leƙa rijiyarku ki ga ko tana da murfi. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raya mana zuri'a. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.